Taurari da Faɗakarwa kan Cikin Ƙuruciya: Tambayoyin da Hausawan Sudan ke Yawan Yi

Tun da waya ta shiga hannun yara, bidiyon mawaƙa da 'yan wasa masu faɗakarwa kan cututtukan jima'i da ɗaukar ciki da ƙuruciya yake shigowa gidajenmu ba sallama, a Gadarif, a Kasala, a Mai Wurno, a Damazin. Wani da Larabci, wani da Hausar Kano, wani da Turanci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye, malaman makaranta, ungozomomi da matasa suke ta maimaitawa a kan lamarin.

Me ake nufi da irin wannan gangami, kuma yaushe aka fara shi?

Ma'aikatar lafiya ko wata ƙungiya ce take ɗauko wanda jama'a suka sani, mawaƙi ko ɗan ƙwallo ko jarumar fim, ta ba shi saƙo ya isar ta waƙa, ko gajeren bidiyo, ko wasan kwaikwayo. Saƙon bai cika wuce uku ba: a jinkirta, a kare kai, a je gwaji.

Abin ya girmi intanet. A 1986 wasu matasan mawaƙa biyu a Meziko, Tatiana da Johnny, sun yi waƙoƙin kira ga samari da 'yan mata su dakata. A 1989 King Sunny Ade da Onyeka Onwenu sun yi irin haka a Najeriya kan tsarin iyali. A shekarar nan kuma mawaƙin Yuganda Philly Lutaaya ya fito fili ya ce yana ɗauke da ƙanjamau, ya yi ta zagaya makarantu da wuraren ibada har ya rasu a Disamba. Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne a hau kan muryar mawaƙa don isar da magana. A'isha al-Falatiya, 'yar Kasala mai tushe a cikinmu, tun farkon shekarun 1940 ake jin ta a Rediyon Umdurman, har aka kai ta ta yi wa sojoji waƙa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Hakamat, mata masu waƙar zuga na Darfur da Kurdufan, kuwa kowa ya san yadda baitinsu ɗaya kan tayar da gari ko ya kwantar da shi.

Me ya sa sai tauraro? Likita ko malami bai isa ba?

Don kunya. Maganar da uwa ba za ta iya furtawa gaban 'yarta ba, in mawaƙiya ta riga ta faɗe ta, sai ta zama abin da za a iya tankawa: "Kin ji abin da wance ta ce?" Likita ya fi sani, amma sai an je wurinsa, yarinya 'yar 15 kuwa ba ta zuwa da ƙafarta.

Babban misali shi ne Magic Johnson, ɗan ƙwallon kwando na Amurka, wanda ya sanar a ranar 7 ga Nuwamba 1991 cewa yana ɗauke da ƙwayar ƙanjamau. Wuraren gwaji suka cika maƙil a makonnin da suka biyo baya. Haka aka sake gani a 2015 da ɗan fim Charlie Sheen ya yi irin wannan sanarwa, cinikin kayan gwajin gida ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. A lura da abu biyu. Dukansu labarin kansu suka ba da, ba takarda aka rubuta musu ba. Sannan abin da suka motsa mutane su yi abu ne na yini ɗaya, wato zuwa gwaji, ba sauya hali na shekaru ba.

To, suna rage yawan ciki da gaske, ko hayaniya ce kawai?

Suna taɓa wani abu, amma bai kai yadda masu shirya su ke faɗa ba. A Amurka haihuwar 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 ta sauko daga kusan 62 cikin 1,000 a 1991 zuwa kusan 13 a 2023. Masu bincike sun fi danganta wannan da samuwar hanyoyin hana ɗaukar ciki da kuma jinkirin fara jima'i, ba da tallan taurari ba. An yi wani nazari da ya ce shirin talabijin na 16 and Pregnant, wanda aka fara a 2009, ya rage haihuwar matasa da kashi 4.3 cikin 100, sai wasu masana suka sake bin lissafin suka ce raguwar da ma tana tafe.

Gwajin da ya fi tsafta shi ne na MTV Shuga, wasan kwaikwayon da aka fara a Kenya a 2009, aka kawo shi Najeriya a 2013, har Rahama Sadau ta fito a zangon da ya taɓo Kano. Masu bincike sun nuna shi ga matasa a kudu maso yammacin Najeriya, suka koma bayan watanni. Waɗanda suka kalla sun kusan ninka sauran wajen zuwa gwajin ƙanjamau, kuma sun fi su sanin yadda cutar ke yaɗuwa. Amma amfani da kwaroron roba bai motsa ba. Tauraro dai sanƙira ne: yana tara jama'a, yana sa a saurara, amma ba shi ke ɗaura auren ba. Abin da ke yin ainihin aikin yana cikin amsar tambayar "Idan ba tauraro ba".

Da zuciya ɗaya suke yi, ko biyansu ake yi?

Akwai duka biyun, kuma karɓar kuɗin aiki ba laifi ba ne. Laifin shi ne kuɗin tauraro ya cinye na aikin. Gidauniyar Candie's ta Amurka, wadda mai kamfanin tufafin 'yan mata ya kafa a 2001 don faɗakarwa kan cikin ƙuruciya, ta ɗauki Bristol Palin, ɗiyar wata fitacciyar 'yar siyasa, jakadiya bayan ta haihu tana 18. Takardun haraji suka nuna an biya ta dala 262,500 a 2009, alhali abin da gidauniyar ta ba ƙungiyoyin da ke aiki da matasa a shekarar dala 35,000 ne. A 2015 Bristol ta sanar da ciki na biyu ba aure, masu dariya suka samu abin yi. Ni dai ban ga abin dariya a kanta ba. Yarinya ce aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta, aka rataya saƙo gaba ɗaya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ta yi tuntuɓe saƙon ya faɗi tare da ita.

Waɗannan saƙonni ai don Turawa aka yi su. Sun dace da mu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Bidiyon Amurka yana magana ne da yarinyar da ke da saurayi, tana da zaɓi, ana ce mata ta yi tunani. A Sudan yawancin 'yan matan da ke haihuwa da ƙuruciya matan aure ne. Binciken gidaje na ƙasa na 2014 ya nuna kusan kashi 34 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18, kusan kashi 12 kuma kafin 15. Dokar Iyali ta Musulmi ta 1991, a sashe na 40, ta ba da damar a aurar da 'yar shekara 10 da izinin alƙali, ko da yake Dokar Yara ta 2010 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne.

Ku duba yadda abin ke faruwa a tsakar gida. Mata sun kewaye murhun jabana da la'asar, turare na tashi, wata ta miƙo waya, ga jaruma ta sha kwalliya tana cewa "ki jira, makomarki a hannunki take". Kowa ta ce wallahi gaskiya ne. Yarinyar da ke zuba musu kofi kuwa an riga an karɓi kayan shela nata, baffanta ya ba da ita, za a ɗaura bayan an gama yankan riɗi. Jiran me za ta yi, kuma wa ya tambaye ta? Saƙon ya isa gidan, amma ya sauka a kunnen wadda ba ta da ta cewa. Wanda ya kamata ya ji shi yana ƙofar gida kan tabarma: uba, baffa, kawu, waliyyi, da angon da ya girme ta da shekara ashirin.

Saboda haka amsar ita ce, ilimin da ke cikin saƙon ya dace da kowa, domin jikin 'ya mace ɗaya ne a ko'ina. Wanda ake fuskanta da maganar ne ya sha bamban. Gangamin da bai yi magana da maza ba, a wurinmu rabin aiki ne.

Iyayenmu da kakanninmu sun haihu da wuri kuma lafiya lau. Ina haɗarin yake?

Waɗanda suka rayu ne muke gani, Alhaji. Waɗanda suka tafi wurin haihuwar fari ba sa nan balle su ba da labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa masu ciki 'yan shekara 10 zuwa 19 sun fi 'yan 20 zuwa 24 haɗarin jijjiga da cututtukan bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Haɗarin ya fi tsanani ga 'yan ƙasa da 15, domin ƙugu bai gama buɗewa ba. Naƙuda ta yi kwana biyu ko uku, kan jariri ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, sai yoyon fitsari. Cibiyar Dakta Abbo a Khartum ta shafe shekaru tana ɗinke irin waɗannan mata, kamar yadda asibitin Babbar Ruga ke yi a Katsina. In aka haɗa da kaciyar fir'auna da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro na damina, abin ya ƙara muni.

In yarinya ta riga ta ɗauka, a fara awo da wuri, a tsara haihuwa a asibiti. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zubar jini, ko naƙudar da ta wuce awa 12, duk ba na jiran gari ya waye ba ne.

Wannan ba koya wa yara lalata ba ne? Me addini ya ce?

Alƙur'ani ya ce kada a kusanci zina, wannan ba abin tattaunawa ba ne, kuma bidiyon da ke yi wa tarbiyya ba'a iyaye na da gaskiya in sun ƙi shi. Akwai irinsu, an yi su don a burge masu ba da kuɗi, ba don a shawo kan kowa ba. Amma sanar da yaro yadda jikinsa ke aiki wani abu ne daban. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure da khalwa sun yi bayanin haila da balaga da janaba dalla-dalla, ba wanda ya ce sun ɓata almajiri. Nazarce-nazarcen da UNESCO ta tattara daga ƙasashe da yawa sun nuna cewa ilimin da aka tsara da kyau ba ya sa yara su fara jima'i da wuri, sau da yawa ma jinkirta su yake yi.

Game da ma'aurata, hadisin Jabir a Bukhari da Muslim ya nuna sahabbai na yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani na sauka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazarar haihuwa ta ɗan lokaci da yardar miji da mata, ta hana yanke haihuwa gaba ɗaya ba tare da larura ba. Amaryar da aka aurar tana ƙarama tana iya jinkirta cikin fari ta wannan ƙofa, in mijin ya fahimta.

Kwaroron roba da suke ta ambata, me yake karewa, me ba ya karewa?

In an yi amfani da shi daidai kowane lokaci, mata 2 cikin 100 ne ke ɗaukar ciki a shekara. A yadda mutane suka saba yi, da mantuwa da ganganci, adadin ya kai wajen 13. Yana kare ƙanjamau da ciwon sanyi da ciwon hanta nau'in B sosai, amma kariyarsa ba ta cika ba ga cututtukan da ke kamawa ta haɗuwar fata. Ƙwaya da allura da ashanar hannu sun fi shi hana ciki, sai dai ba sa kare cuta ko ɗaya. Zafi na lalata roba, don haka wanda ya kwana biyu a aljihu cikin ranar Kasala ba abin dogaro ba ne.

Masu ɗauke da ƙanjamau a Sudan ba su kai kashi 1 cikin 100 na manya ba, amma wannan bai sa gwaji ya zama ɓata lokaci ba, musamman ga mazan da ke dogon zama a wuraren haƙar zinariya ko gonakin kaka. 'Yan'uwanmu na Makka da Jidda sun saba da gwajin kafin aure: Saudiyya ta wajabta shi a 2004 don sikila da makamantanta, ta ƙara ƙanjamau da ciwon hanta a 2008. Jihar Kano ma ta yi irin dokar a 2024.

Akwai gangamin da ya yi tasiri a nan Sudan?

Saleema. Majalisar kula da yara ta ƙasa da UNICEF suka fara shi a 2008 kan kaciyar mata, ba kan ciki ba, amma darasinsa ya shafe mu. Bai zagi kowa ba, bai nuna jini ba. Ya zo da taken cewa kowace yarinya ana haihuwarta cikakkiya, a bar ta ta girma cikakkiya, ya zo da yadi mai launuka da mata ke yafawa, ya sa mawaƙa da masu barkwanci da malamai a gaba, sannan ya bi unguwa-unguwa ana zama ana yin alkawari a bainar jama'a. Taurarin ƙofa ce kawai, zaman unguwa ne cikin gidan. Duk da haka sai a 2020 aka mai da kaciyar laifi mai ɗaurin da zai kai shekara uku, shekara 12 ke nan ana abu ɗaya.

Ɗaya misalin shi ne na Noura Hussein, wadda aka ɗaura wa auren dole tana 16, kotu a Umdurman ta yanke mata hukuncin kisa a Mayun 2018 bayan ta kashe mijin da ya yi mata fyaɗe. Matasan Sudan suka tayar da magana a intanet, fitattu irin su Naomi Campbell da Emma Watson suka ɗauka, a watan Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara biyar. Suna ya taimaka an ceci rai ɗaya. Dokar 1991 da aka ambata a sama kuwa wannan guguwa ba ta taɓa ta ba.

Yaƙin nan ya canza lissafin?

Ƙwarai. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023 makarantu suka rufe, har UNICEF ta ce a Oktoban shekarar yara miliyan 19 ba sa zuwa aji. Iyaye a sansanin gudun hijira suna aurar da yara don tsoro da yunwa, suna ganin sutura ce. Fyaɗe kuma ya yawaita, kuma ga wadda aka yi wa, maganar "ki kare kanki" cin fuska ce.

Ga abin da ya kamata kowane gida ya haddace, wanda ban cika jin wani tauraro ya faɗa ba: awa 72. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin kwana uku, a sha kwana 28. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa ta fi aiki cikin kwana ukun nan, tana iya kaiwa biyar. Ba sai an jira Urnik 8, takardar rahoton 'yan sanda, kafin a ba da magani ba. Gyaran dokar laifuka na 2015 ya raba fyaɗe da zina, kuma dokar ta yarda likita ya cire cikin fyaɗe in bai kai kwana 90 ba. A nemi asibiti mafi kusa, ko ungozoma mai horo, ko asibitocin Ƙungiyar Tsarin Iyali ta Sudan, wadda ke aiki tun 1965, ko a tambayi matasan ɗakunan agajin gaggawa na unguwa inda za a dosa.

'Yata ta ɗauki ciki ba aure. Me zan yi?

'Yar'uwa, ki fara da rufe ƙofa ki tambaye ta a hankali yadda abin ya faru, domin sau da yawa wani babba ne na kusa, kuma tsoro ne ya rufe mata baki. In ba ta kai 18 ba, doka yarinya take ɗaukarta, kuma akwai sashen kare iyali da yara na 'yan sanda da aka kafa don irin wannan. Kada a ba ta jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyin kasuwa, nan ne ake rasa 'ya'ya. A kai ta awo kamar kowace mai ciki, a kiyaye alamomin da aka lissafa a amsar haɗarin haihuwar wuri.

Duka da kora ba sa mai da ciki baya. Abin da suke haifarwa shi ne jariran da ake tsinta a bakin masallaci, irin waɗanda gidan Maigoma na Khartum ya yi shekaru yana karɓa. Da yaƙi ya ɓarke da dama daga cikinsu suka mutu a ciki, kafin a kwashe kusan 300 zuwa Madani a Yunin 2023. Jaririn bai yi laifin komai ba, Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani.

Idan ba tauraro ba, me ke aiki?

Makaranta ce kan gaba. A yammacin Kenya an gwada ba ɗalibai kayan makaranta kyauta, sai barin karatu ya ragu, ciki ma ya ragu. A yankin nan kuma aka sanar da 'yan mata gaskiya guda ɗaya, cewa manyan maza sun fi samari sa'anninsu ɗauke da ƙanjamau, sai ɗaukar ciki ya ragu da kashi 28 cikin 100. Ba mawaƙi, ba fitila, bayani ne kawai mai amfani. Sai asibitin da yarinya za ta shiga ba a daka mata tsawa ba, da ungozomar da ta san aikinta, da limamin da zai faɗa a huɗuba cewa a bar yarinya ta ƙosa. Babiker Badri da ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, da 'ya'yan gidansa ya fara.

Muna so mu gayyaci wani sananne ya yi mana faɗakarwa a unguwa. Me za mu duba?

Ku fara da tambayar wa kuke so ya ji. In iyaye maza ne, mai waƙar biki ba zai yi ba, ku nemi wanda suke tashi tsaye in ya shigo, ko da ba shi da mabiya a TikTok: sarkin Hausawa, limami, tsohon ɗan ƙwallon gari. In 'yan mata ne, a yi zaman mata zalla, da Hausa, domin kakar da ke yanke shawara a gida ba lallai ta bi Larabcin likita ba. Ku sa ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya ta zauna kusa da baƙon, shi ya buɗe, ita ta amsa tambayoyi. Kada a tashi sai kowa ya san sunan asibitin da za a je, ranar da ake awo, da ko ana biya.

Ku kuma binciki abin da baƙon ke tallatawa a shafinsa. Wadda ke faɗakarwa da safe, da yamma tana sayar da maganin mata ko ƙwayar ƙiba da ba a san abin da ke ciki ba, yaranku za su ɗauki duka biyun a matsayin magana ɗaya. In kuɗin da ya nema ya fi abin da za ku kashe wa ita ungozomar da kuɗin motar masu zuwa awo, ku ba shi haƙuri, ku yi taron da ungozomar.